Martani: Malam, A Sake Duba Rasidin Jidda

Wani malami daga cikin marubutanmu na Kano ya dawo daga Umra, ya yi rubutu mai daɗin karatu a kan abin da ya gani a Jidda a 'yan kwanakin da ya yi yana jiran jirgi. Abu uku ya kawo. Ya ce arzikin Saudiyya albarkar haramta giya ce. Ya ce gwamnatin ƙasar ba ta tatsar talaka da haraji, mai da wuta kuma kusan kyauta take ba shi. Ya ce ta zuba kuɗi a noma har sahara ta yi kore shar. Daga nan ya ba Najeriya shawara: a dawo da tallafin man fetur, a sauke haraji, a rufe ƙofa ga alkamar waje a noma ta a gida ko nawa za ta ci.

Allah ya karɓi ibada, Malam, ya maimaita mana. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu da muke zaune a garin, muke biyan haya da kuɗin wuta da na sabunta igama, wato takardar izinin zama, mun san Saudiyyar da ka zana ta daɗe da tafiya. Biyu daga cikin abubuwa ukun da ka yaba, gwamnatin ƙasar da kanta ce ta juya musu baya, da gangan, bayan ta ɗanɗana kuɗarta.

Na tabbata ba ka bar Jidda ba sai da ka ci kazar Albaik, don babu alhajin da ke tsallake ta. In rasidin yana nan a aljihun jallabiyarka, ciro shi ka duba can ƙasa, gab da jimilla. Akwai layi guda da aka rubuta harajin VAT, kashi 15 cikin ɗari. Ninki biyu ke nan na kashi 7.5 da ake kuka da shi a Najeriya. An shigo da shi a Janairun 2018 a kan kashi 5, sai a Yulin 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka ninka shi sau uku a rana ɗaya. Wannan ɗan zanen mai kusurwa huɗu da ke gindin takardar kuwa ba ado ba ne. Tun Disambar 2021 aka wajabta wa duk shagon da ke da rajistar haraji ya fitar da rasidi ta kwamfuta, don hukumar zakka da haraji da kwastan, wato ZATCA, ta riƙa bin sawun ciniki. Gaskiya ne ba a cirar haraji daga albashin ma'aikaci a nan, ina jin abin da Malam ya ji ke nan ya ɗauka babu haraji gaba ɗaya. To amma harajin da ke bin cefane ya fi cizon mai ƙaramin ƙarfi, domin shi duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa.

Akwai kuma wani harajin a kan abin sha da hayaƙi. A Yunin 2017 aka ɗora kashi 100 a kan taba da lemon ƙara kuzari, kashi 50 a kan lemo mai gas, a Disambar 2019 aka faɗaɗa shi zuwa duk abin shan da aka zuba wa sukari. Bison da Code Red, waɗanda direbobi da 'yan dako suka fi sha, a nan Jidda ake yin su, kuma ba a ɗaga wa masana'antunsu ƙafa ba don suna 'yan gida. A Najeriya naira 10 kacal aka ɗora a kan litar lemo a dokar kuɗi ta 2021, kamfanoni suka yi ta kururuwa kamar an kwashe musu jari.

Batun mai ya fi ban mamaki, domin a nan ne Malam ya fi kafewa. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Giɓin kasafin Saudiyya na 2015 ya kai riyal biliyan 367. Sai aka fara janye hannu. Litar fetur mai lamba 91, wadda ake saye halala 45, ta koma 75 a ƙarshen 2015, ta koma riyal 1.37 a Janairun 2018, ta yi ta hawa har aka tsayar da ita a riyal 2.18 a Yulin 2021. Kusan ninki biyar a shekara shida. Dizal, wanda shi ne ke tuƙa tirela da injin ban-ruwa, ya tashi daga halala 25 ya kai riyal 1.15 a farkon 2024, ya kai 1.66 a farkon 2025, har manyan kamfanonin madara da siminti suka sanar da masu hannun jari cewa ƙarin zai ci musu miliyoyi. Wutar gida da ake biyan halala 5 a matakin farko ta koma 18 a 2018. Wanda ya san zafin Jidda na watan Agusta, lokacin da gumi ke tsiyaya ko da tsakar dare, na'urar sanyi kuma ba ta hutawa, ya san abin da wannan ƙarin yake nufi a ƙarshen wata. Da aka taɓa kuɗin ruwa a 2016 kuwa, ƙorafi ya yi yawa har Sarki Salman ya sauke ministan ruwa da lantarki, Abdullah al-Husayyin, a watan Afrilu.

Da wannan wurin Malam ya tsaya ya duba, da ya samo wa Najeriya darasi na gaske. Saudiyya ta janye tallafi, mu ma mun janye. Bambancin yana ga abin da aka fara yi. Su sun buɗe rajistar wani asusu da ake kira Hisabul Muwaɗin tun farkon 2017, aka tantance gidaje gwargwadon samunsu da yawan iyali, kuɗin farko ya shiga asusun mutane a Disambar 2017, sannan aka ƙara farashi a Janairu. Mu kuwa a jawabin rantsuwa na 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta ninka kusan sau uku, daga baya aka fara neman yadda za a raba shinkafa. Laifin da ya kamata a kama gwamnatinmu da shi ke nan. Cewa a dawo da tallafi don a yi koyi da Saudiyya kuwa, koyi ne da abin da mai shi ya riga ya yar.

Shi ma asusun nan na 'yan ƙasa ne. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a ƙasar, miliyan 13.4 daga ciki baƙi ne. Baƙo yana biyan VAT ɗin nan, yana sayen man nan, yana biyan wutar nan, ba ya karɓar ko halala. Sannan tun Yulin 2017 aka sa masa kuɗin zaman iyali, riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata, 24,000 a shekara, kafin ya sayi ko buhun shinkafa. Hausawan da kakanninsu suka zo a ƙasa ta Sudan suka samu takardar zama 'yan ƙasa, masu laƙabin Hausawi, suna cikin masu karɓar tallafi. Ɗan'uwansu da ke kan igama, ko da a Hindawiyya aka yanke masa cibiya, yana cikin masu biya. Na ga gidajen da aka haɗa wa yara kaya aka sa su a jirgin Kano, yaran da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, uba ya koma ɗaki guda da abokan aiki. Wani ɓangare na sauƙin da Malam ya gani a fuskar ɗan ƙasa, daga aljihun irin waɗannan magidanta yake fitowa. Najeriya ba ta da baƙi miliyan 13 da za ta jingina wa nauyi.

Ba ta kuma da yawan man. A 2024 Saudiyya na haƙo ganga wajen miliyan 9 a rana, 'yan ƙasarta ba su cika miliyan 19 ba a ƙidayar nan. In aka raba, kowa zai tashi da fiye da lita 70 ta ɗanyen mai kullum. Najeriya na haƙo wajen miliyan ɗaya da rabi, mutanenta sun haura miliyan 200. Rabon kowa lita ɗaya ce da 'yan kai. Mai lita 70 ne ya ce ba zai iya ci gaba da rabon mai a arha ba.

Sai giya. A nan ba ni da ja da Malam a kan hukunci, haramun ce, kuma ina jin daɗin renon 'ya'ya a garin da ba a tallarta a bakin titi. Inda muka rabu shi ne ɗaura haramcin da arziki. Yaman, maƙwabciyar Saudiyya, ta hana giya, Somaliya ma ta hana, ga halin da suke ciki. Dubai na sayar da ita a otal-otal, ga benayenta. Arzikin Saudiyya daga rijiyar Dammam mai lamba 7 ya ɓullo a 1938, a lokacin kuwa ana barin Turawa su shigo da abin shansu. Dokar hanawa ta gaba ɗaya a nan Jidda ta samo asali: a Nuwambar 1951 Yarima Mishari ɗan Sarki Abdul'aziz, cikin maye, ya harbe wani jami'in ofishin jakadancin Birtaniya mai suna Cyril Ousman a gidan jami'in, shekara ta gaba Sarki ya rufe ƙofar ga kowa. Mai cewa an bar giya ne don a yi kuɗi yana haƙa wa addini rami bai sani ba, domin ranar da farashin mai ya faɗi, yaro zai tambaye shi ina albarkar ta tafi.

Kuma ko a nan dokar ba ta hana gwamnati ciwon kai ba. A Janairun 2024 aka buɗe wani shago a unguwar jakadu ta Riyad, aka ce na jami'an diflomasiyya ne waɗanda ba Musulmi ba, da rajista ta waya da ƙayyadadden kaso a wata. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne toshe kwalaben wiski da ke sulalewa daga kayan ofisoshin jakadanci zuwa kasuwar bayan fage. Mutum na iya ƙin wannan mataki, ni ma bai kwanta mini ba, amma ya nuna cewa rubuta doka daban, tsare ta daban.

Abin da za a yaba wa Saudiyya a kai shi ne ta haƙura da kuɗin. A Birtaniya, masu sana'ar wiski na Sikotlan suna ƙorafin cewa wajen kashi 70 na farashin kwalba haraji ne, kuma a Agustan 2023 aka sake ƙara musu kashi 10.1. Irin wannan kuɗin ne Saudiyya ta ce ba ta so. Mu fa? Hukumar Hisba ta Kano ta sha bi ta kan dubban ɗaruruwan kwalabe da motar daddanne titi, amma VAT ɗin da ake karɓa a kan giya a Legas da Fatakwal yana shiga tukunya ɗaya da sauran, a raba wa jihohi duka har da masu Shari'a. Da wannan gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya yi mana gori a 2021, lokacin da kotun tarayya a Fatakwal ta ba jihar Ribas gaskiya a rigimar wa ke da ikon karɓar harajin. Akwai ma wanda ya fi wannan kusa da gida. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka koma kan dawa da masara, dawar kuwa ta Arewa ce. Manomin da ya sayar wa dillali buhu goma bai san ko tuwo za a yi da ita ko lemon malt ko abin da ya fi haka ba, amma farashin da ya samu yana da nasaba da wannan ciniki. Haka doka take, inda aka nufa daban, inda take sauka daban. A 2019 Amurka ta ɗora kashi 25 a kan wiskin Sikotlan saboda rigimar tallafin kamfanonin jiragen sama na Airbus da Boeing, zafin ya kai har kan manomin sha'ir da bai taɓa ganin inda ake ƙera jirgi ba. Da a kan dawar nan da kason VAT ɗin nan Malam ya yi mana rubutu, da ya taɓa inda ke mana ƙaiƙayi.

Noman sahara shi ne inda na fi jin tsoron shawararsa. Waɗannan gonaki masu da'ira da ya ambata ba a kan hanyar jirgin Kano suke ba, suna can Ƙasim da Ha'il da Tabuk da Jauf da Wadi Dawasir, ina kyautata zaton a hoto ya gan su. Jidda kanta ruwan teku take sha, wanda ake tacewa a tashoshi irin na Shu'aiba a kudu da gari, a turo ta bututu har Makka da Ɗa'if.

Ga yadda aka yi. Bayan takunkumin mai na 1973, shugabannin ƙasar suka ji tsoron kada a rama musu da abinci. Sai aka raba filaye kyauta, aka ba da bashi marar ruwa, aka tallafa wa injin ban-ruwa da taki, gwamnati kuma ta ce duk alkamar da aka noma za ta saya a kan riyal 3.5 kilo, ninkin-ba-ninkin farashin duniya. Wa zai ƙi? Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ƙasar ta wadatu da alkama, a 1992 ta noma wajen tan miliyan 4, ta zama ta shida a duniya wajen fitar da ita. Rarar kuwa ana sayar da ita a waje da asara ko a bayar kyauta. Waɗanda suka fi kwasar garaɓasar manyan kamfanoni ne da attajiran birni masu ƙarfin haƙa rijiya mai zurfi, ba Balaraben ƙauye mai 'yan itatuwan dabino ba.

Ruwan da aka yi aikin da shi ya taru ne a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru, lokacin da yankin ke samun damina, kuma abin da sama ke mayarwa a yanzu bai taka kara ya karya ba. Kamar magajin da ya tarar da rumbun kakansa cike ne, ya yi ta ɗiba yana rabo ana yi masa kirari, bai taɓa zuba ko dami ɗaya ba. Ko a ƙasa mai sanyi, tan ɗaya na alkama yana shan wajen tan dubu na ruwa, balle a inda rana ke ƙone rabi kafin ya kai saiwa. Rijiyoyi suka yi ta nisa, idanun ruwan Kharj da mutane ke wanka a ciki suka ƙafe. A 2008 gwamnati ta ce ya isa, za ta riƙa rage saye da kashi 12.5 duk shekara, zuwa 2016 ta daina. Sai manoma suka koma barsim, ciyawar dabbobi, wadda ta fi alkama shan ruwa saboda ita duk shekara ake yi mata ban-ruwa. Aka sake fitar da doka a ƙarshen 2015, aka ba su shekara uku su daina ita ma, daga baya aka bar ƙananan manoma su ɗan koma alkama a kan ƙayyadadden fili. Shekara talatin ana biyan mutane su noma abu, sannan a shafe shekara goma ana lallashinsu su bari.

Daga nan ƙasar ta koma neman ruwan wasu. Kamfanin madara na Almarai ya sayi gonaki a Ajantina a 2011, ya sayi wasu a jihar Arizona ta Amurka a 2014, yana noma barsim a can yana lodo wa shanunsa a jirgin ruwa, har mutanen Arizona suka tayar da ƙura, gwamnarsu Katie Hobbs ta soke hayar wani filin jiha da kamfanin ke amfani da shi a Oktoban 2023. Kamfanin gwamnati na SALIC kuma ya sayi kashi 35 na Olam Agri a 2022, a 2025 ya ƙulla yarjejeniyar kai kasonsa 80. Olam ɗin nan ita ce mai Crown Flour Mill a Najeriya, ita ta sayi kamfanin fulawar Ɗangote a 2019. Wato ƙasar da Malam ke so mu kwaikwaya a noman alkama ta bar noman, ta sayi hannun jari a kamfanin da ke shigo mana da alkamar waje yana niƙa mana fulawar burodi da taliya.

Mu ma ai mun gwada. A 1987 aka hana shigo da alkama, aka ce Kadawa da Bakolori da bakin Tafkin Cadi za su ciyar da ƙasa. Alkama sanyi take so, namu sanyin kuwa na 'yan watannin hunturu ne, in shuka ta makara zafin Maris ya riske ta shi ke nan. Burodi ya yi tsada, fulawar sumoga ta cika kasuwa ta iyakokin maƙwabta, zuwa 1992 aka janye dokar. Ruwan da ake tarewa a Tiga kuma akwai masu jiransa a ƙasa, masunta da makiyaya da manoman fadamar Haɗeja zuwa Nguru, su ba a cika jin muryarsu ba in ana lissafin tan nawa aka girbe. Ban ce kada a noma alkama a Jigawa da Kano ba, wanda ta karɓe shi ya noma. Abin da na ƙi shi ne gwamnati ta toshe iyaka ta kuma sa farashin ƙarya, don kawai a ce mun wadatu.

In noma ake so Jidda ta koya mana, a je tashar jiragen ruwanta ana saura wata guda Hajji, a ga yadda ake sauke tumaki da awaki garke-garke daga Barbara da Fot Sudan. A shekarar 2000, da zazzaɓin dabbobi na Rift Valley ya ɓulla a Jizan ya kashe mutane, Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin gabashin Afirka, makiyayan Somaliya suka shafe shekara tara suna ji a jikinsu. Ba a buɗe musu ba sai a 2009, bayan an gina wuraren killace dabbobi a tashoshinsu, da likitoci da gwajin jini da takardar shaida. Abin da mai saye a nan yake tambaya ke nan: ina takardar rigakafi, kwana nawa dabbar ta yi a killace, wace hukuma ce ta sa hannu. Wannan aikin gwamnati ne tsantsa, kuma kuɗinsa bai kai na tallafin mai na wata guda ba. Muna da Uda da Balami, muna da kasuwannin Maigatari da Illela da Mai'aduwa da Potiskum. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, mai hedikwata a nan Jidda, shi aka damƙa wa kula da shirin yankan hadaya a 1983. Kujerun Najeriya sun kai 95,000 a Hajjin 2023, mafi yawan alhazanmu kuma Tamattu'i suke yi, kowanne zai biya kuɗin rago, kuɗin ya wuce hannun makiyayin Sudan da na Somaliya.